Ƙwayar Da Ta Cika Tsibi

Da sunan Allah nake buɗe wannan shafi. Ina gaishe ku masu bin labarin nan, har da ke 'yar nan da kika rubuto min cewa tsohuwa irina carbi ya kamata ta riƙe, ta bar wa yara zancen soyayya. Carbin yana nan, 'yata, ban ajiye shi ba. Hannu biyu Allah ya ba ni.

Wanda bai san ni ba, sunana Bara'atu. A Gaya aka yanke min cibiya, a nan na koyar da 'yan mata har na yi ritaya ina shugabar makaranta. Na haura sittin, da nawa kuma ba ruwanku. Maigidana Alhaji Barau ya riga mu gidan gaskiya shekarun baya, Allah ya jiƙansa. Mutumin kirki ne, bai taɓa ɗaga min murya ba, ni kuma ban taɓa ce masa "ba haka ba ne" ba. Ya koma ga Allah yana da yaƙinin cewa hanyar Wudil ta fi tsawo a dawowa a kan tafiya. Duk sanda ya faɗa sai in ce, "Haka ne, Alhaji," in miƙa masa ruwa. Da digirina biyu a akwati nake faɗin haka. An ce mana wannan shi ne zaman lafiya, kuma ba laifi, mun zauna lafiya. Sai dai wani lokacin in na shiga kicin nakan yi musu da tukunya.

Shi kuwa Dakta Sharfaddeen mutumin Toranke ne ta ƙasar Ajingi, tsohon malamin jami'a da ya ajiye alli ya koma gonar gado. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa sun watsu a birane. A wani taron masana a Kano muka haɗu. Ya gabatar da takarda kan falsafar mutanen Girka na dā, waɗanda littattafan Larabci ke kira Yunanawa. Aka tafa masa, ni kuma na ɗaga hannu na ce masa ƙarshen maganarsa bai fito daga farkonta ba. Ina tasha ina neman motar Gaya sai ga shi da takardun a hannu, babbar riga tana sharar ƙasa, yana haki. Na ɗauka faɗa ne ya biyo ni da shi. Faɗan ne kuwa. Muka tsaya muna yi har mota ta cika ta tafi ta bar ni.

Bayan 'yan watanni ya kira ni. Wai wata farfesa a ƙasar Girka tana haɗa littafi, ta nemi masana daga ƙasashe daban-daban, kowa ya ɗauki wata tsohuwar tambaya ta kakanninta ya gwada ta a harshensa da rayuwar mutanensa. Dakta ya ce mata zai rubuta babi, amma sai in tare da ni, sunana kusa da nasa.

Tambayar da muka ɗauka ba ta da wuyar faɗa. Ƙwayar gero ɗaya ba tsibi ba ce. Ka ƙara ɗaya, har yanzu babu tsibi. Ka yi ta ƙarawa ɗaya bayan ɗaya, ba za ka iya nuna ƙwayar da ta mayar da shi tsibi ba, amma can sai ka ga tsibi a gabanka. To yaushe ya zama? Tun kafin a haƙa rijiyar farko a garinku masu gemu suke kan wannan magana. Na san wata za ta ce aikin banza ne. Ke ma ai kina zama ki kalli fim ɗin da kin san ƙarshensa.

Dakta ya tsaya a kan cewa akwai ƙwaya ɗaya tak da take cika tsibi, iyaka ce tsayayya, sai dai ɗan Adam ba zai taɓa iya saninta ba, Allah kaɗai ya san ta. Ni na ce babu wata ƙwaya. Tsibi yana zama tsibi ne ranar da mutane suka kira shi tsibi, kamar kashin tumatir a kasuwar Ajingi: mai sayarwa ya ce kashi ne, mai saye ya yarda, magana ta ƙare. Da farfesa ta ga ba za mu daidaita ba, sai ta ce mu rubuta babin a haka, sashe nasa, sashe nawa, kowa yana rusa na ɗan'uwansa.

Shi ya sa duk Alhamis bayan azahar tsohuwar motarsa take tsayawa a ƙofar gidana. A zaure muke zama, tabarma biyu, tasa can tawa nan, kwamfuta a kan kujerar tsugunno, faifan gero a tsakiya don gwaji. Ƙofa a buɗe hanhai, don kada a ce. Mai wucewa yana jinmu tun daga bakin rijiya.

"Malama, wannan ai zancen kasuwa ne, ba hujja ba!"

"Gara kasuwa, Dakta, ana ganin abin da aka saya. Kai da an matsa ka sai ka ruga ka ɓuya a bayan gaibu."

Haka muke yi har a kira la'asar. Ya je masallaci ya dawo da sabuwar hujja, wadda nake zargin a cikin sallah ya haɗa ta. Ban san ina jin yunwar musu ba sai da na samu mai ba ni shi a ƙoshe. A nan garin, in na faɗi magana ko dai a ce "Malama ta faɗa," ko a ce "ƙyale ta, boko ne." Mutum ɗaya ne tsakanin Gaya da Ajingi yake duban idona ya ce na yi kuskure, ya kuma zauna ya nuna min inda yake.

Ba ya zuwa hannu rabbana. Yau gyaɗa daga gonarsa, wani makon kindirmo daga rugar maƙwabtansa, ran nan har da zabi biyu a but ɗin mota. Ni kuma ba zan bar baƙo ya koma Toranke da yunwa ba. Da ɗanwake muka fara. Yadda aka yi muka kai ga funkaso da miyar taushe, wallahi ban lura ba.

Ranar wata Talata ina tsakar gida ina ɓarar gyaɗar nan sai ga Hansai, matar yayana Datti. Yaya Datti shi ne babba a gidanmu, manomi ne, gidansa yana bayan nawa. Hansai ta ja kujera ta zauna ba a ba ta ba, ta ɗebi gyaɗa, idonta a kan ƙafata.

"Malama, lalle nake gani ko idona ne?"

"Kaushi nake magani."

"Uhm. Kaushin bana har da zanen fulawa yake so."

Na ja zanina na rufe.

"Yayanki ne ya aiko ni," ta ce. "Jiya a masallaci liman ya kama hannunsa ya yi masa murna."

"Murnar me?"

"Ta bazawarinki mana."

"Hansai, abokin aikina ne. Bincike muke yi."

"To ai ya bincika ya gani." Ta watsa gyaɗa a baki. "Ke Malama, namiji ya zo zaurenki sau ɗaya, baƙo ne. Ya dawo, a ce mantuwa ya yi. Amma mutum ya cinye damina guda yana sintiri, da zabi a but, ke kina fitowa da mayafi mai duwatsu kina ƙamshin humra, wannan ko a garin kurame zance sunansa."

Bakina ya riga ni. "A wane zuwan ne ya zama zance?"

"Oho. Mu dai unguwa mun ce ya zama."

Hujjata ce, wadda na cika shafuka ina karewa, aka ɗauko aka maka min a goshi. Ba daɗi mutum ya ci gardama a kan kansa.

Saƙon Yaya gajere ne. Ya riga ya kira Dakta a waya. Ranar Alhamis ba gidana zai zo ba, gidan Yaya zai je ya faɗi abin da yake nema. In aure ne, a yi magana. In ba aure ba ne, ƙafarsa ta fita daga unguwar, don Yaya ya ce bai tsufa don a riƙa yi masa murnar abin da bai sani ba.

Ku tsaya ku duba min lissafin nan, masu karatu. In Dakta ya ce aiki ne kawai, an rufe masa ƙofa. In ya ce aure, na ce a'a, bazawarin da aka ƙi ba ya dawowa ya shimfiɗa tabarma a zauren da aka ƙi shi. In na ce e, ya zama maigida, ni kuma na san irin bakin da ake yi wa maigida magana da shi, na yi shekaru ina amfani da shi. Ta ko'ina na bi, musun Alhamis ya mutu. Shi nake tsoron rasawa, ba zabi ba.

Kafin magariba maganar ta isa guruf ɗin gidanmu na waya. Autata Hindatu, ma'aikaciyar jinya ce a Kano, ta turo saƙon murya tana dariya har da tari.

"Umma! Wai da gaske ne? Wallahi na ji daɗi. Na duba hotonsa, yana da tsafta, ga shi babu mata balle a ce. Don Allah ki yarda. Amma Umma ki rage masa gardamar nan, maza ba sa so. Ki riƙa ce masa to. In ya so bayan an ɗaura kya riƙa gyara masa a hankali, cikin hikima."

Na rubuta mata: "Wa ya koya miki wannan?"

Ta ce: "Ke."

Na ajiye wayar na je na ba kaji ruwa, alhali akwai ruwa a kaskonsu.

Yayanta Abdulmumin layi ɗaya ya rubuto daga Kaduna: "Umma mu dai kada a ji kunya." Bai faɗi wace kunyar ba, ta yin auren ko ta rashin yinsa. Kafin in kwanta Hindatu ta turo hoton atamfa kala uku, wai in zaɓi anko.

Duk wannan da sauƙi. Abin da ya tayar min da hankali wayar Dakta ce.

Da can saƙonsa ba ya wuce irin haka: "Malama, sakin layinki na huɗu rami ne, ki cike shi kafin wani ya faɗa." Ba sallama, ba gaisuwa, wani lokacin ko aya babu. Washegarin kiran Yaya kuwa, ina idar da sallar asuba sai ga wannan:

"Assalamu alaikum Hajiya. Da fatan an tashi lafiya. Ya gida, ya ƙoƙari? Allah ya ba mu alherin wannan yini."

Hajiya. Har da hoton fulawa ja.

Na ce bari in gwada ruwan nan da sanda. Na zauna na rubuta sakin layi guda da gangan, na bar masa ɓaraka wadda jaki da kayansa zai wuce ta ciki bai goga ba. Na ce tunda yawancin mutane sun yarda tsibi tsibi ne, to ashe duk abin da yawancin mutane suka yarda da shi gaskiya ne. Da a makon jiya ne, da sai ya kira ni yana in'ina don fushi. Na tura, na zauna ina kallon wayar.

Ta yi ƙara.

"Masha Allah, Hajiya. Haka ne. Allah ya ƙara basira."

Na san wannan "haka ne" ɗin. Ni na san yadda ake dafa shi, na san ba a sa masa gishiri. Ashe ba sai an ɗaura ba ma. Mai neman aure ba ya musu da wadda yake nema, matar aure ba ta musu da miji, wato kowa da lokacinsa na yin ƙarya, an raba mana shi daidai kamar gado. A ranar kuma farfesa ta aiko tana tambayar babin, ta ce a duk littafin namu ne ya fi rai, saboda ana jin mutum biyu ne da gaske suke neman kayar da juna.

Ranar Alhamis na yi wanka na buɗe durowa na tsaya. Na ɗauko leshi ruwan toka, na mayar, kada a ce na shirya. Na ɗauko tsohuwar atamfar da nake zuwa awo da ita, na mayar, kada a ce na raina mutane. Na ƙare a shadda ruwan ƙasa mai ƙaramin aiki a wuya, da farin mayafi marar duwatsu. Humra kaɗan na shafa, don zafi ake yi.

Bayan la'asar ina ɗakin Hansai, wanda tagarsa take kallon ƙofar zaure ta ciki. Tun kafin mu ji sallama turarensa ya riga shi shigowa. Hansai ta leƙa ta asabari ta dawo da rahoto.

"Farar shadda, sabuwar hula, an rage gemu. Ya zo da ƙaninsa, wai Musbahu, malamin gona. Malama, mutumin nan ya yi aski har da gyaran fuska. Binciken ya yi nisa."

"Matsa in ji."

Yaya Datti yana kan buzunsa, sandarsa a gefe. Aka gaisa, aka tambayi gero, aka tambayi gyaɗa, aka yi wa tsutsar wake Allah wadai. Sannan Yaya ya gyara murya.

"Malam Sharfaddeen, ni ba ɗan boko ba ne. An ce min kuna ƙirga gero da ƙanwata. Gero muna da shi a rumbu tun kakanni, ba mu taɓa ɗauko dakta ya ƙirga mana ba. Me kake nema a gidan marigayi?"

Dakta ya yi tari. "Alhaji, da farko dai aiki ne."

"Da ƙarshe fa?"

Mutumin da yake cika zaurena da murya har kaji su watse, ga shi yana wasa da bakin tabarma. Musbahu ne ya cece shi.

"Alhaji, iri muka zo nema a gidan nan."

"To," in ji Yaya. "Irin dai ya kwana biyu a rumbu. Amma ƙwaro bai taɓa shi ba."

Hansai ta toshe baki da mayafi. Na yi alkawari a zuciyata zan tuna wa Yaya wannan maganar a ranar da ta dace.

"Sai dai," Yaya ya ci gaba, "da budurwa ce, sai mu ce shirunta ya wadatar. Wannan bazawara ce, sai ta furta da bakinta. Hansai! Turo min Bara'atu."

Na shiga da sallama, na zauna a gefen ƙofa, na gaishe su. Dakta ya amsa yana kallon babban yatsan ƙafarsa.

"Kin ji abin da ya kawo su," in ji Yaya. "Me kika ce?"

"Yaya, kafin in ce wani abu, ina da tambaya ga Dakta."

"Sadaki ne? Wannan namu ne."

"A'a."

"To yi."

Na juya. "Dakta, zuwan nan naka, yaushe ya tashi daga aiki ya koma neman aure? A hankali ya rikiɗe, ko akwai rana?"

"Akwai rana, Hajiya."

"Ka san ta?"

"Na san ta." Muryarsa ta yi ƙasa. "Ranar da kika ce in na ƙara fakewa da gaibu za ki kwashe geron ki watsa wa kaji, ki bar ni da faifai. Kuma kika watsa."

Musbahu ya ɗaga kai yana nazarin azarar rufi. Ni kuwa zuciyata ta yi wani abu da likita ya hana ta yi. Na bar ta ta gama, sannan na ce:

"To sashenka na uku ya rushe."

"Na'am?"

"Ka rubuta cewa iyakar tana nan, amma ɗan Adam ba zai taɓa saninta ba. Ga shi ka san taka, har da abin da kaji suka ci a ranar. Ko dai ni kake yi wa daɗin baki yanzu, ko farfesa ka yi wa a takarda. Zaɓi ɗaya."

Yaya ya dube ni, ya dubi Dakta, kamar mai kallon dambe da bai san wa ya sa wa kuɗi ba. Dakta ya yi wani murmushi irin na masu neman aure.

"Haka ne, Haji..."

Na fara laluben takalmina da ƙafa. Shi ke nan, na ce a raina, an gama. Na gyara mayafi na ce, "To Yaya, tunda haka ne, amsata ita ce..."

"A'a."

Dakta ne. Ya cire tabarau, ya ninke, ya ajiye a kan tabarma. Na san wannan ajiyewar.

"A'a, ba haka ba ne. Malama, wannan shirme ne."

"Yaya Sharfaddeen!" in ji Musbahu.

"Ƙyale ni. Shirme ne, kuma ta sani. Tsibi daga waje ake kallonsa, wannan kuwa ni ne a cikinsa. Mai ciwon haƙori ya san sanda ya fara masa, wannan bai nuna ya san ƙwayar da ta cika tsibi ba. Kin ɗauko abu biyu da ba su haɗa hanya ba kin ɗaure su da igiya ɗaya. Sannan sakin layin nan da kika turo min, wai abin da mutane suka yarda da shi shi ne gaskiya! Ko ɗan aji ɗaya ya rubuta min haka sai na kira ubansa. Tun da na ce miki Masha Allah abinci bai yi min daɗi ba."

Na mayar da takalmin inda yake.

"Ba ka san ranar ba, Dakta. Daga baya ka zaɓe ta. Abu ya gama taruwa, sannan ka waiwaya ka nemi rana mai daɗin faɗa ka laƙaba mata. Kamar mai tumatir ne, sai ya gama kasawa..."

"Kasuwa kuma! Ba za mu yi magana ba sai kin kai mu kasuwar Ajingi!"

"Kai ba za mu yi magana ba sai ka kai mu Lauhul Mahfuzu!"

"In daga baya na zaɓa, me ya sa a ranar na wuce kwanar Toranke sai da na tsinci kaina a Gafasa?"

"Tsufa!"

"Yaya, don Allah," Musbahu yana jan hannun rigarsa, "neman aure fa muka zo."

Hular Dakta ta karkace, jijiyar wuyansa ta tashi, yana nuna ni da yatsa, sabuwar shaddar duk ta yamutse. Ban taɓa ganin namiji ya yi min kyau haka ba. A nan na yanke shawara. Kalmar tana bakina, jira kawai nake ya kai aya in faɗe ta, don ko a wannan halin ba zan katse wa mutum hujja ba.

Sai sandar Yaya ta daki ƙasa.

"Ya isa!"

Muka juyo muka dube shi.

"A zaurena," in ji Yaya a hankali. "Ina zaune, da raina da lafiyata, ka dubi ƙanwata ka ce mata shirme. Ka nuna ta da yatsa. Yanzu fa nema kake yi. In ka samu kuma sai yaya? Duka?" Ya juya ga Musbahu. "Malam, ɗauki yayanka. Ban bayar ba. Kuma kada in ƙara ganin motar nan a unguwar nan, ko da gero ko babu gero."

Dakta ya dawo hayyacinsa kamar wanda aka watsa wa ruwan randa. Ya laluba tabarau ya sa a karkace, ya miƙe yana neman takalmi. Musbahu sai haƙuri yake bayarwa, yana cewa wallahi a gida ba haka yake ba, karatu ne ya yi masa yawa.

Ku fahimce ni. Yaya Datti ne ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu. Da dangi suka ce karatun 'ya mace ya isa haka, shi ya sa ni a gaba har makarantar horon malamai, ya ɗaukar min akwati a ka. Tun da nake ban taɓa tsallake maganarsa ba, ko idonsa ban cika kallo ba. Kuma abin da ya yi yanzu, don ni ya yi.

"Dakta, koma ka zauna," na ce.

Ya tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa.

Na juya na fuskanci Yaya sosai.

"Yaya, kai ka ce bazawara sai ta furta. Ban furta ba tukuna."

Ya ɗora haɓa a kan sandarsa. "To furta mu ji."

"Da ya tsaya a kan 'haka ne', da yanzu sun kai Ajingi da a'a ɗina. Wanda ya ce min shirmen nan, shi nake so. Kuma da sharaɗin ya ci gaba da faɗa."

Daga bayan asabari na ji Hansai ta ce, "La ilaha illallahu."

Yaya ya daɗe yana kallona, irin kallon da yake yi wa gona in ta fitar da abin da bai shuka ba. Sannan ya dubi Dakta, wanda har yanzu yake tsaye da ƙafa ɗaya a takalmi.

"Hansai!" ya ƙwala kira. "Kawo min maganin hawan jinina. Sannan a kira min liman."

Ba a samu liman ba, ya tafi ta'aziyya wani ƙauye, sai gobe da hantsi. Yaya ya sallami baƙi bai ce e ba, bai ce a'a ba, ya shige turakarsa ya ja ƙofa. Da zan tafi na ja Hansai gefe na tambaye ta, liman ɗin na mene ne, fatiha ko me?

"Wallahi Malama ban sani ba," ta ce. "Ya ba da saƙo a sayo goro. Ya kuma ce a haɗo da habbatussauda da ganyen magarya, wai ƙila ruƙiyya za a yi miki."

Ga ni nan a gida, na idar da magariba, tuwo yana gabana ban taɓa shi ba. Hindatu ta kira har ta gaji. Ɗazun nan wayar ta yi ƙara, na duba. Ba sallama, ba fulawa, ko aya babu.

"Malama na sake duba maganarki a hanya har yanzu shirme ce kuma ina da hujja uku"

Na ture tuwon gefe, na gyara zaman tabarau, na rubuta masa: "Kawo ta farko."